Sabwufa a Falon Yayana: Yadda Akwati Ɗaya Ya Ɓata Sauti Kafin Ya Gyara Shi

Yayana ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, yana zaune da iyalinsa a gidan haya mai sassa biyu waɗanda bango ɗaya ya raba, kuma ya yi shekaru da ɗan tsarin sauti a falonsa: amfilifaya ta hannu irin wadda ake haɗawa da talabijin, da lasifikoki biyu ƙanana masu faifai inci 5, ɗaya a kowane gefen talabijin ɗin. Bai taɓa yin ƙorafi a kansu ba. Da su yake sauraron karatun Alƙur'ani da safe, da labaran rediyo, da tsofaffin waƙoƙin kalangu da goge waɗanda aka kwafo daga kaset, ranar Asabar kuma iyali su taru su kalli fim. Babban ɗansa ne ya fara cewa sautin gidan ba shi da nauyi, bayan ya ji kiɗan zamani a gidan wani abokinsa, inda ƙirjin mutum ke amsawa duk lokacin da ganga ta buga. Aka yi ta maganar har Yaya ya kira ni, tun da na daɗe ina haɗa wa mutane kayan sauti, ya tambaye ni ko ƙara sabwufa zai biya kuɗinsa. Na ce masa ya dakata in zo in ga falon tukuna. Bai dakata ba. Ranar da na isa, akwatin ya riga ya yi mako biyu a kusurwar falo, kuma kowa a gidan, ban da yaron, ya fara da-na-sanin sayensa.

Kafin a gane abin da ya faru a wannan falo, sai an san aikin da aka ƙera akwatin domin ya yi. A kasuwanninmu kusan duk wani saitin sauti mai baƙin akwati a tsakiya ana ce masa wufa, amma sabwufa ta ainihi lasifika ce guda da aka keɓe wa amo mafi kauri kaɗai, kuma galibi amfilifayarta tana cikin cikinta. Sauti kaɗawar iska ne, ana ƙirga yawan kaɗawar a kowace daƙiƙa da ma'aunin Hertz, wanda ake taƙaitawa Hz. Kunnen matashi lafiyayye yana ji daga kusan 20 Hz har zuwa 20,000 Hz. Gindin muryar namiji baligi yana tsakanin 85 da 180 Hz, tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa a 41 Hz, maɓalli na ƙarshe a hannun hagun piyano kuwa 27.5 Hz ne. Lasifikokin Yaya, bisa takardar da ta zo da su, suna sauka zuwa wajen 55 Hz kafin ƙarfinsu ya fara zubewa. Duk abin da ke ƙasa da nan, daga 55 zuwa 20, yana cikin rikodin idan an saka shi, amma ba ya isa kunne a falon. Wannan gurbi shi ne sabwufar da Yaya ya saya, mai faifai inci 10 da ramin iska a bayanta, ta zo ta cike.

Dalilin gazawar ƙananan lasifikoki a wannan yanki abu ne na lissafi. Idan ana son amo ya sauka zuwa rabin yawan kaɗawarsa, alal misali daga 80 Hz zuwa 40 Hz, kuma ƙarfinsa ya zauna yadda yake, dole faifan lasifika ya tura iska ninki huɗu. Faifai inci 10 yana da faɗin fuska kusan ninki huɗu na faifai inci 5, saboda haka abin da ƙaramin zai yi ta faman kai da komo har ya fara kakarewa, babban zai yi shi a natse. Kunne ma yana da nasa halin, domin tun a 1933 Fletcher da Munson suka nuna a ɗakin binciken Bell da ke Amurka cewa amo mai kauri sai an ba shi ƙarfi fiye da na matsakaici kafin a ji su daidai. To me ya sa Yaya bai taɓa jin rashin komai ba duk waɗannan shekaru? Saboda kowace tsirkiya da kowace fatar ganga, ban da gindin amonta, tana fitar da wasu amo a samansa, ninki biyu, ninki uku da sauransu, kuma ƙwaƙwalwa tana iya gane gindin daga waɗannan ko da shi kansa bai fito ba. Shi ya sa ake iya bin kiɗan bes, wato mai amo mai kauri, har a lasifikar wayar hannu. Ana gane kiɗan, nauyinsa ne kawai ba ya zuwa.

Abin da na tarar a ranar farko ya isa ya sa mutum ya yanke ƙauna da sabwufa gaba ɗaya. An tura ta can cikin kusurwa, ramin iskarta ya kusa manne da bango. Maɓallin ƙarfi yana ƙarshensa, maɓallin mararraba, wato wanda ke yanke iyakar inda za ta tsaya ta bar wa ƙananan lasifikoki sauran aikin, shi ma yana ƙarshensa, wajen 150 Hz. Haka aka gwada masa ita a shago, a cikin hayaniyar kasuwa da ƙofa a buɗe, haka kuma ya kawo ta gida bai taɓa komai ba. Na ce a kunna labaran ƙarfe shida. Muryar mai karanta labarai ta fito kamar yana magana daga cikin tulu, kuma rabinta daga kusurwa take zuwa, domin a 150 Hz sabwufar ta shiga yankin muryar namiji, kunne kuma yana iya nuna inda irin wannan amo ya fito. Da yaron ya saka nasa kiɗan, sai kofunan tangaran da ke jere a kabad ɗin gilashi suka fara ƙara, firam ɗin tagar alminiyam ya kama karkarwa, kuma wani amo guda ɗaya ya riƙa danne duk sauran, ko wace waƙa aka saka. Matar Yaya ta ce da ni: “Kai dai ka taimaka ka raba mu da wannan abu, tun da aka kawo shi ban ƙara zama a falon nan ba.”

Wannan amo guda da ke danne sauran shi ne zuciyar lamarin, kuma laifinsa yana wuyan ɗakin fiye da akwatin. Na auna falon: tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4, tsayinsa mita 3, bangon bulo da aka shafe da siminti, ƙasa kuma tayil. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne, a zafin bazara kuwa yakan ɗan ƙara sauri, amma bambancin bai kai ya sauya lissafin ba. Igiyar sauti mai 40 Hz tsawonta ya haura mita 8, wato ta fi falon kansa tsawo. Idan irin wannan igiya ta bugi bango mai tauri ta dawo, sai ta haɗu da wadda ke tafe, a wasu wurare su taru su yi ƙarfi, a wasu wurare su kashe juna. Kowane ɗaki yana da amon da ya fi amsawa, kuma ana samun na farko ta hanyar raba saurin sauti da ninki biyu na tazarar bango da bango. A falon Yaya tsawon ya ba da kusan 34 Hz, faɗin ya ba da kusan 43 Hz, tsayin kuma kusan 57 Hz, sannan kowannensu yana da ninkinsa a sama, wajen 69 da 86 da 114. Kusurwa ita ce inda duk waɗannan suke haɗuwa, don haka sabwufar da aka ajiye a kusurwa tana tayar da su baki ɗaya. Shi kuwa 43 Hz maƙwabcin 41 Hz ne, gindin jitar bes, inda kiɗan zamani da yawa yake zama.

A nan tsarin zamanmu ya shigo cikin maganar. A falon Bahaushe kujeru jikin bango suke, a kewaye, tsakiya kuma a bar ta ga darduma da yara da faranti idan an zo cin abinci. Jikin bango shi ne daidai inda amo mai kauri yake taruwa, tsakiyar ɗaki kuma ita ce inda amon farko na tsawo da na faɗi suke mutuwa. Don in nuna wa Yaya wannan, na saka tsantsar amo mai 43 Hz daga wayata ta cikin amfilifayar, na rage ƙarfi, na ce ya taka a hankali daga bangon dama zuwa na hagu. A jikin bango ya ji kamar kansa zai tsage. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya cak, ya juyo ya ce: “Ka kashe ne?” Ban taɓa komai ba. Ya ƙara taku biyu amon ya dawo. Daga nan ne ya gane me ya sa shi da ɗansa suka yi mako biyu suna musu: yaron yana zama a darduma a tsakiya, yana jin bes ɗin bai isa ba yana ƙarawa, mahaifinsa kuma yana kan kujera mai zaman mutum uku a jikin bangon baya, inda ƙarin yake sauka a kansa ninki-ba-ninki. Kowannensu gaskiya yake faɗa game da wurin da yake zaune.

Gyaran farko bai ci ko sisi ba. Akwai tsohuwar dabara da masu haɗa sauti ke yi: a ɗora sabwufar a kan kujerar da mai gida ya fi zama, a saka kiɗan da bes ɗinsa ke hawa da sauka, sannan mutum ya durƙusa ya zagaya gefen bango da kunnensa kusa da ƙasa, yana neman inda kowane amo ke fita daidai da ɗan'uwansa, ba wanda ya kumbura ba wanda ya ɓace. Inda aka samu, nan za a ajiye akwatin, domin hanyar da sauti ke bi tsakanin wurare biyu ɗaya ce ko ta wane gefe aka fara. Ni da yaron muka yi wannan rarrafe, kuma wurin da ya fi kyau ya faɗo kusa da tsakiyar bangon gaba, gefen teburin talabijin. Lissafi ma haka ya nuna, tun da tsakiyar faɗin ɗaki ita ce inda 43 Hz ba shi da ƙarfi, kuma akwatin da ke zaune a nan ba ya iya tayar da shi sosai. Muka bar tazarar kamar taƙi biyu tsakanin ramin iskar da bango, muka jawo doguwar kujerar daga bangon baya da kusan rabin mita, abin da sai da aka ɗan sha magana da matar gida kafin ta yarda. Kofunan kabad kuma aka shimfiɗa musu ƙyalle a ƙarƙashi, tagar aka cusa mata ɗan roba a inda take motsi.

Gyara na biyu na saiti ne, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne amfani ga Yaya kansa. Amfilifayarsa tana da zaɓin da ake sanar da ita cewa lasifikokin gaba ƙanana ne, kuma idan an zaɓe shi sai ta daina tura musu duk abin da ke ƙasa da mararraba, ta miƙa wa sabwufa. Na sa mararrabar a 80 Hz, adadin da kamfanin THX ya yaɗa har ya zama abin da aka fi bi, saboda a ƙasa da nan kunne ba ya saurin gane inda amo ya fito, ƙananan lasifikoki kuma suna iya kaiwa nan ba wahala. Maɓallin mararraba na jikin akwatin na mayar da shi ƙarshe don kada a yanke amon sau biyu. Akwai kuma wani maɓalli a bayanta mai lamba 0 da 180, wanda ke juya bugun faifan, ko ya tura iska tare da ƙananan ko ya saɓa musu. Na gwada duka biyun, Yaya yana zaune a wurinsa, muka bar wanda amon wajen 80 Hz ya fi cika da shi. Ƙarfi kuwa na yi ta rage shi har sai da Yaya ya ce ba ya jin akwatin, sannan na ƙara kaɗan. Abin da ya ba shi mamaki bai shafi bes ba. Muryoyi ne suka washe, domin faifan inci 5 da a da yake fama da kai da komo mai nisa yana kuma ƙoƙarin fitar da murya a lokaci guda, yanzu an sauke masa kaya mafi nauyi.

Sai matsalar wuta. Tun ranar farko akwai wani gurnani siriri da ke fita daga akwatin ko ba a saka komai ba. Wutar lantarkin Najeriya tana kaɗawa a 50 Hz, wanda ya faɗo tsakiyar yankin da sabwufa ta fi ƙwarewa a kai, saboda haka duk wani ɗigon wuta da ya kutsa cikin wayar sauti za ta fitar da shi a fili, alhali ƙananan lasifikoki sun daɗe suna ɓoye shi. Na tarar an jona ta a soket daban da na amfilifaya da na dikoda. Da muka haɗa su duka a kan abin jona wuta guda, gurnanin ya ragu ƙwarai, sauran kuma ya tafi da aka sauya wayar sautin da wata mai kauri aka raba ta da wayoyin wuta. Wani mai gyara ya taɓa ba Yaya shawarar ya cire ƙafar filogi ta uku, kuma na hana shi, domin wannan ƙafa ita ce ke kai wuta ƙasa idan wani abu ya lalace a cikin na'ura, gidan kuma akwai yara. A kan ƙaramin janareta wata ƙara ta daban takan dawo, a kan inbata kuwa ba ta fitowa tun da tasa mai tsabtataccen zubin wuta ce, sai dai akwatin ƙarin kaya ne a kan batura. Aka tsayar cewa idan an ɗauke wuta da dare sabwufa a kashe take, kuma an haɗa ta da na'urar kariya saboda yadda wuta kan dawo da ƙarfi.

Abin da ya fi damun Yaya, kuma ya fi damuna, shi ne maƙwabci. A ɗaya sashen gidan wani dattijo ne ke zaune da iyalinsa, kuma ɗakin kwanansa yana bayan bangon da aka jingina akwatin a makonnin farko. Bai ce komai ba sai da kwana goma suka wuce, sannan wata safiya bayan an fito daga masallaci ya riƙe hannun Yaya ya ce: “Malam, ni ban ji waƙa ba, ban ji magana ba, amma cikin dare sai in ji kamar ana daka a bayan kaina.” Yaya ya ce: “Baba, a gafarce mu, ban san yana isowa gare ku ba.” Kwatancin dattijon daidai yake da yadda abin ke aiki. Bango yana tare sauti gwargwadon nauyinsa, kuma duk lokacin da yawan kaɗawa ya ragu da rabi, abin da bangon ke tarewa yakan ragu da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), shi ya sa bulo ke hana murya da goge wucewa amma ya bar bugun ganga. Labule da kafet da kushin suna shanye amo mai kaifi, igiyar da ta kai mita 8 kuwa ba ta san da zamansu ba. Ɗauke akwatin daga jikin wancan bango da ɗora shi a kan roba mai kauri ya rage abin da ke bi ta ƙasa, rage ƙarfi ya rage sauran, amma ban yi wa Yaya alkawarin cewa an rabu da matsalar ba. Dokar da ya kafa ita ce ta yi aikin: daga sallar isha'i a kashe sabwufar.

Bayan an gama duk wannan ne aka iya amsa tambayar da aka fara da ita. Na zaunar da Yaya da ɗansa, na tsaya a inda ba sa ganin hannuna, ina sauya saitin tsakanin ƙananan lasifikoki su kaɗai da kuma tare da sabwufa, ba tare da na faɗa musu wanne ke aiki ba. A karatun Alƙur'ani da labaran rediyo, idan ƙarfin sauti matsakaici ne, ba wanda ya iya bambancewa, kuma hakan ba abin mamaki ba ne tun da murya ba ta sauka yankin. A tsofaffin waƙoƙin kalangu da goge da kuntigi ma kusan haka ne, saboda amon waɗannan kayan kiɗa yana sama, rikodin da ya bi ta kaset kuma da ma bai riƙe amo mai zurfi da yawa ba. Inda aka buga babbar ganga Yaya ya ce ya ji fatar ta ƙara faɗi, ya kuma gane daidai sau da dama. A kiɗan yaron, musamman amapiano na Afirka ta Kudu wanda aka gina shi a kan bugun bes mai zurfi da ake haɗawa a kwamfuta, bambancin bai bar wurin shakka ba, domin da an cire sabwufar sai waƙar ta zama kamar an zare mata ƙashin baya. A nan na ba yaron gaskiya: abin da ya ce babu, da gaske babu shi.

Fim ne ya fi nuna amfanin sabwufar, kuma akwai tarihi a bayan haka. Tun a 1974 gidajen sinima a Amurka suka fara girka manyan lasifikokin amo mai kauri a tsarin Sensurround domin 'yan kallo su ji girgiza a jikinsu. Da Dolby Digital ya shigo sinima a 1992 da tsarin 5.1, wato manyan tashoshin sauti biyar da ƙarin ɗaya, wannan ɗigo ɗaya na ƙarshe tasha ce ta musamman da ke ɗauke da amo daga 120 Hz zuwa ƙasa, ana kuma kunna ta da ƙarin desibel 10 a kan sauran, domin tsawa da fashewa da rugugin inji. Idan babu sabwufa aka matse sautin zuwa lasifika biyu, yawanci zubar da wannan tasha ake yi gaba ɗaya. Waƙa galibi ba ta da irin wannan tasha, tashoshi biyu ne kawai, abin da sabwufa ke yi mata shi ne ta karɓi kason ƙasa daga cikinsu. Saboda haka a fim mai tsarin 5.1 akwai abin da aka shirya musamman domin sabwufa, kuma ranar Asabar ɗin da muka gwada, matar Yaya ta dawo falo ta zauna har aka gama.

Game da kuɗi, sabwufar ta ci kusan abin da lasifikokin biyu suka ci. A shagon an fara nuna masa saitin wufa mai arha wanda aka rubuta dubban wat a kwalinsa da haruffan PMPO, kuma ya yi dace da bai saya ba, domin wannan lamba ba ta da ƙa'idar awo da aka yarda da ita. Lambar RMS ce ke nuna ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa a jere, ita ma ba ta faɗin zurfin da akwatin zai kai. Da ya tambaye ni tun farko, da na ajiye masa wata hanyar a gaba, wato ya sayar da ƙananan ya sayi manyan lasifikoki masu tsayawa a ƙasa. Amma wannan hanya tana da aibi a falo irin nasa: wurin da ya dace da lasifikoki domin murya ta tsaya a tsakiya ba lallai ya dace da amo mai kauri ba, kuma ba a iya raba su, alhali sabwufa ana iya jan ta zuwa inda ɗakin ya fi karɓarta. Mafi ingancin magani ga bambancin kujera da kujera shi ne akwati fiye da ɗaya. Todd Welti na kamfanin Harman ya nuna a 2002 cewa a ɗaki mai kusurwa huɗu, sabwufa biyu a tsakiyar bangaye masu fuskantar juna suna daidaita amo a wurare da yawa kusan kamar yadda huɗu za su yi. Yaya ya saurari wannan bayani ya ce ɗaya ma ta ishe shi, kuma ban ga laifinsa ba.

Hukuncin da na yanke a kan wannan gida shi ne akwatin ya biya kuɗinsa, amma da ƙyar, kuma saboda mutum biyu ne ke amfani da tsarin. Da Yaya shi kaɗai ne, da karatunsa da rediyonsa da kalangunsa, da na ce ya mayar da ita ya karɓi kuɗinsa, tun da ribar da ya samu ta washewar murya ba ta bayyana sosai sai an ɗaga sauti. Da yaron da finafinan Asabar a lissafi, ma'aunin ya rinjaya zuwa a riƙe ta. Abu ɗaya na ja wa yaron kunne a kai. Tsarin da ba ya kakarewa yana sa mutum ya yi ta ƙara sauti bai sani ba, domin alamar da a da ke gaya masa ya isa haka ta tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga baligi, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Na sa alama da tef a maɓallin amfilifayar, muka yi yarjejeniya da shi a kan ba zai wuce ta ba.

Na koma gidan bayan wata uku. Akwatin yana nan gefen teburin talabijin a kan robarsa, maɓallin ƙarfinsa bai kai rabi ba, kuma an ɗora masa ƙyallen ado irin na sauran kayan falon, wanda na ɗan ja baya don kada ya rufe faifan. Doguwar kujerar ta koma jikin bango, domin an yi baƙi lokacin suna kuma ba a sake jawo ta ba, saboda haka 34 Hz ya dawo yana ɗan kumbura a wurin zaman Yaya, tsakiyar darduma kuma har yanzu tana da ramin da babu saitin da zai cike shi. Na tambayi dattijon maƙwabci da muka haɗu a ƙofar gida, ya ce dakan dare ya ƙare, sai dai ranar Asabar da yamma yakan san an saka fim. Yaya ya ce in bar kujerar inda take, zai rage ƙarfin akwatin da ɗan kaɗan, na nuna masa iyakar inda zai murɗa.